Mahara 55 a Cikin Bayit 2,048

6 ga Janairu, 2024

Na yanke shawara yau, kuma na rubuta ta a nan don kada in janye: zan sake gina Space Invaders, wasan bidiyon da igwa ke harbin mahara masu saukowa daga sama, a kan ƙaramar kwamfutar nan, Arduino Uno ɗin da ya shekara biyu yana shan ƙura a aljihun tebur. Wasan na kamfanin Taito ne na Japan, ya fito a 1978. Mutum ɗaya ne, Tomohiro Nishikado, ya tsara shi, ya zana halittunsa, ya rubuta shirinsa, har ya haɗa na'urar da zai gudana a kanta.

Kafin in taɓa ko waya ɗaya, na ɗauki biro na jera na'urorin biyu. Ta 1978 tana da ƙwaƙwalwar Intel 8080 mai gudun kusan 2 MHz, da RAM (wurin riƙe bayanai yayin aiki) na 8 KB, wanda 7 KB daga ciki hoton allo ne kawai ya cinye. Allon ɗigo 256 ne a faɗi, 224 a tsaye, amma an juya kwalbar talabijin ɗin ta tsaya a gefenta, don haka mai wasa yana ganin 224 a faɗi, 256 a tsaye. Kowane ɗigo ko dai a kunne yake ko a kashe, shi ya sa hoton duka ya shiga bayit 7,168. Ni kuwa ƙwaƙwalwar Uno, ATmega328P, nake da ita: 16 MHz, filash 32 KB na ajiye shiri, RAM 2 KB, wato bayit 2,048 cif. A kan takarda na fi Nishikado gudu ninki takwas, shi kuma ya fi ni wurin ajiya ninki huɗu.

Wannan lissafin ya rufe ƙofa ɗaya tun kafin in kai bakinta. Ba zan iya ɗora ainihin shirin wasan in sa Uno ya yi kwaikwayon 8080 ba, domin ko hoton allon babu inda zan ajiye shi. Sai dai in rubuta komai sabo da harshen C, ina kallon yadda na asalin yake tafiya. Allon da zan yi amfani da shi mai launi ne, inci 2.4, mai guntun sarrafawa ILI9341, ɗigo 240 da 320. Filin wasan zai zauna a tsakiyarsa daidai, ɗigo 8 su rage a kowane gefe, 32 sama, 32 ƙasa.

13 ga Janairu

Kwana uku ina kallon farin allo fat, babu ko ɗigo.

Laifina ne. Uno da bolt 5 yake magana, allon kuma 3.3 yake ji. Na san da haka, don haka na sa rasista biyu-biyu a kan kowace wayar saƙo su rage ƙarfin wutar, 10k da 20k. Mita ta nuna 3.3, na ce shi ke nan. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Manyan rasista suna sa wuta ta riƙa hawa da sauka a hankali, alhali a gudun 8 MHz kowane bugu nanosakan 125 ne kacal. Kafin wutar ta kai sama an riga an ce ta sauko. Abin da ya tona asirin shi ne da na rage gudun SPI, hanyar da Uno ke aika wa allo saƙo, zuwa 1 MHz don gwaji, nan take allon ya yi baƙi, jan murabba'in da na umarta ya fito a kusurwa.

Na cire rasistocin na sa 74HC4050, guntun da ke sauke saƙo daga bolt 5 zuwa 3.3, na ba shi wuta daga 3.3. Na kuma gajarta wayoyin ƙafa ta 11 da ta 13 na Uno, masu ɗauke da saƙon SPI, domin dā sun kai tsawon taƙi. Yanzu 8 MHz tana tafiya lafiya lau.

20 ga Janairu

Wani lissafin, mai sanyaya gwiwa. Kowane ɗigo a wannan allon bit 16 yake ci saboda launi. Cika allo duka bit 1,228,800 ke nan, kuma 8 MHz ita ce ƙarshen abin da SPI na Uno zai iya. Ko da babu ɓata lokaci ko kaɗan, sau shida da ɗoriya zan iya sabunta allon a daƙiƙa, wasan kuwa kusan sau 60 yake so. Saboda haka babu zancen goge allo a sake zana shi. Abin da ya motsa kaɗai za a taɓa.

Na ajiye shiryayyen kundin zanen da kowa ke saukewa, duk da cewa yana da kyau ga mai son rubuta zafin ɗaki a allo. Na rubuta nawa, umarni uku ne jigonsa: 0x2A a faɗa wa allo iyakar hagu da dama, 0x2B iyakar sama da ƙasa, 0x2C sannan a kwarara masa ɗigo. Mahari ɗaya yana zaune a akwati mai ɗigo 16 da 8, bayit 256 a kan waya. Na auna, kusan kashi ɗaya cikin uku na milisakan yake ɗauka.

Agogon wasan na ɗora shi a kan Timer1, ɗaya daga cikin agogunan cikin Uno: a raba 16 MHz da 8, a ƙirga 33,333, ƙararrawa ta kaɗa. Sau 60 ke nan a daƙiƙa, kowane zagaye milisakan 16.7.

28 ga Janairu

An fara wasa! Sahu biyar, kowanne mahara 11. Sahu biyu na ƙasa maki 10, biyu na tsakiya 20, na sama 30, jimla 990 idan ka share su. Igwa tana tafiya hagu da dama, harsashi ɗaya kawai ake yarda ya kasance a sama, sai ya faɗa wa wani abu ko ya fita kafin a sake harbi.

Yadda na tsara tafiyarsu shi ne yadda hankali ya ba ni: duk rabin daƙiƙa rundunar gaba ɗaya ta yi taku ɗaya tare. Don a ji an ci gaba, na sa duk lokacin da aka kashe goma gudun ya ƙaru kaɗan. Sai dai akwai wata gargada. Mahara 55, kowanne kashi ɗaya cikin uku na milisakan, sun cinye zagaye guda har sun ɗan haura. Duk takun da suka yi, igwar sai ta ɗan cije, harsashi ya tsaya cak a iska na ƙiftawar ido.

Ɗan yayata, mai shekara 11, ya zo ya same ni a kai. Na miƙa masa maɓallan ina jiran yabo. Ya share sahun farko, ya share na biyu, ko motsi bai yi a kujera ba. Da ya gama sai ya ajiye ya ce, "Kawu, ai waɗannan ba sa ba mutum tsoro. Kamar fareti suke yi." Na ce masa wasan ya girmi mahaifiyarsa, ya yi masa uzuri. Ya ce, "To ai ba tsufan ba ne, Kawu. Ba sa zuwa ne."

Na ji haushi, amma da ya tafi na buɗe hoton bidiyon tsohuwar na'urar na rage gudunsa. Yaron ya fi ni gaskiya.

4 ga Fabrairu

Wannan makon ne aikin ya juya, don haka zan ɗan tsawaita.

A na asalin, rundunar ba ta taɓa yin taku tare. A kowane zagayen allo mahari ɗaya tak ake matsarwa, ɗigo biyu. Ana farawa daga na kusurwar hagu ta ƙasa, a bi sahun zuwa dama, a hau sahu na gaba, har a kai na ƙarshe a sama, sannan a dawo. Wanda ya mutu tsallake shi ake yi, ba ya cin zagaye. Idan duka 55 suna raye, taku ɗaya na rundunar yana ɗaukar zagaye 55, kusan daƙiƙa guda. Idan saura 20, kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Idan saura ɗaya, kowane zagaye nasa ne shi kaɗai, ɗigo 120 a daƙiƙa, kuma idan ya nufi dama ɗigo uku-uku yake ci maimakon biyu. Babu wani jadawalin "ƙara gudu" irin wanda na zauna na ƙirƙira. Hannun mai wasa ne ke ƙara musu gudu: duk wanda ka kashe, ka bar wa sauran rabonsa na lokaci.

Sanannen labari ne cewa Nishikado ya ga na'urarsa ba ta iya jan rundunar da sauri sai sun ragu, kuma maimakon ya daidaita abin sai ya bar shi haka. Na daɗe da sanin labarin, amma ban fahimce shi ba sai da na ci karo da bangon da ya ci karo da shi. Nawa bangon siririyar wayar SPI ce, nasa 8080 ne, amma ni ma ba zan iya zana 55 a zagaye ɗaya ba. Ni na ɗauki abin a matsayin ciwon da za a ɓoye.

Gyaran bai kai layi talatin ba, kuma yawancinsa gogewa ne. Na cire agogon rabin daƙiƙa, na cire jadawalin gudu, na bar ɗan manuni guda mai yawo daga 0 zuwa 54. Gargadar igwa ta ɓace, domin yanzu kowane zagaye aikinsa kaɗan ne kuma daidai da na ɗan'uwansa. Sannan ga wata tafiya da rundunar ta samu, tana malala kamar maciji, ƙasa ta riga sama motsawa. Wannan lanƙwasar da nake gani a tsoffin hotuna ina ɗauka raunin kyamara ne, ashe ita ce tafiyar.

Wata dabarar da na ara: mafi faɗin mahara ɗigo 12 ne, akwatinsa kuwa 16. Baƙin gefen da ya rage shi ke shafe sawun da aka bari idan an matsa ɗigo biyu, don haka ba sai an goge tsohon hoto daban ba. Zane ɗaya, aiki biyu.

Inda na sha wuya shi ne gane wanda harsashi ya sama. Dā ina lissafi daga wuri ɗaya, tunda duk tare suke. Yanzu a kowane lokaci wasu sun yi takun, wasu ba su yi ba. A tafiyar gefe bambancin ɗigo biyu ne, ba ya damun kowa. Amma idan sun kai bango suna saukowa, ɗigo takwas ne, sai in harbi na ƙasa na sama ya fashe. Maganin shi ne in duba lambar maharin: idan tana bayan manuni, a yi masa lissafi da sabon wuri, idan tana gaba, da tsoho.

11 ga Fabrairu

Maɓallai kawai. Na harbi yana ƙirga dannawa ɗaya a matsayin uku saboda rawar ƙarfen cikinsa. Tunda sau ɗaya nake duba su a kowane zagaye, na sa sai an ga abu iri ɗaya sau biyu a jere kafin a yarda. Na kuma ƙone ɗan yatsa da ƙarfen dalma.

24 ga Fabrairu

Ganuwa huɗu, waɗanda igwa ke ɓuya a bayansu. Su ne suka fi bayyana rashin da nake da shi. Shirin asali idan zai zana harsashi, yana duba ko akwai ɗigo a kunne a wurin. Idan akwai, an yi karo. Hoton allon da kansa shi ne littafin da ake dubawa. Ni ba ni da hoton a RAM, kuma tambayar ILI9341 abin da ke jikinsa jinkiri ne da ba zan iya ɗauka ba, ko wayar karantawar ban haɗa ba.

Don haka ganuwar kaɗai na ajiye. Kowacce ɗigo 22 a faɗi, 16 a tsaye, bayit 44, huɗun 176. Idan harsashi ya shigo yankinsu sai a duba can. Idan ya samu jiki, a ɗora siffar fashewa a kashe duk ɗigon da ta rufe, a sake zana wannan ɗan gurbin. Na zauna na minti ashirin ina harbin ganuwata da kaina, ina kallon yadda take rarakewa kamar gara ta shiga itace. Babu rami biyu masu kama ɗaya.

Launi kuma ya zo a ɓagas. Allon asali fari da baƙi ne, launin da mutane ke tunawa ledoji ne masu launi da aka manna a jikin gilashin, kore a ƙasa, ja a sama inda faifan sama, jirgin maharan, ke wucewa. Na bi wannan: launi ba na abin da ake zanawa ba ne, na wurin da yake ne. Harsashi yana tashi kore, ya koma fari da ya wuce ganuwa. Maharan ma idan suka sauko sosai sai su rikiɗe su zama kore, kuma ganin haka kaɗai yana sa gaba ya faɗi.

2 ga Maris

Mako na baƙin ciki. Ana cikin wasa sai allo ya cika da tarkace, ko na'urar ta koma farko da kanta. Ba kullum ba, sai an yi minti biyu ko uku, yawanci daidai lokacin da abu biyu suka fashe tare. Na zargi wayoyi, na sake su. Na zargi kebul ɗin wuta, na canza. Duk kitso da ƙwarƙwata nake yi.

Tun a Janairu, don neman sauri, na baje hotunan mahara a RAM a shirye, iri uku, kowanne tsayuwa biyu, bayit 256 sau shida: 1,536. Ga 176 na ganuwa. Ga Serial, hanyar magana da kwamfuta, da na bari a buɗe don leƙen kurakurai, mai riƙe bayit 64 na shiga da 64 na fita, ga kuma rubuce-rubucen saƙonnin da su ma RAM suke zama idan ba a ce su tsaya a filash ba. Abin da ya rage wa shirin na ajiyar wucin gadi bai kai bayit 150 ba. Idan aiki ya kira aiki, ya kira wani, ƙararrawar agogo kuma ta kaɗa a tsakiya, sai tulin ajiyar wucin gadin ya gangaro ya taka bayanan wasa. Manhajar Arduino ta yi ta gargaɗina da jan rubutu cewa wuri ya yi ƙaranci, ni kuma na saba da ganinsa har na daina karantawa.

Na mayar da hotunan filash da umarnin PROGMEM, kowanne bayit 16, bit ɗaya ɗigo ɗaya kamar yadda suke a asali. Ana buɗe su ne a daidai lokacin aikawa. Abin mamaki, saurin bai ragu ba: kowane bayit yana ɗaukar bugu 16 na agogon ƙwaƙwalwar kafin ya fita ta SPI, kuma a wannan jiran ne ƙwaƙwalwar ke shirya na gaba. Wata biyu ina biyan kashi uku cikin huɗu na RAM ɗina a kan abin da kyauta ne. Yanzu sama da bayit 1,500 suna zaune babu aiki.

9 ga Maris

Sauti. A tsohuwar na'ura ba shiri ne ke haɗa sauti ba, da'irorin lantarki ne daban-daban, kukan faifan sama kuma guntun sauti SN76477 ne ke yin sa. Shirin kunnawa da kashewa kawai yake yi, don haka sautuka da yawa kan fita tare. Ni murya ɗaya gare ni a kan Timer2, dole wani ya yi shiru wani ya yi magana. Mutuwar igwa ce gaba da kowa, sai fashewar mahari, sai harbi, sai takun runduna.

Takun nan mai amo huɗu masu gangarowa shi ne rabin wasan. Ɗan buzar da na fara sawa ba ya iya kauri, sai tsiwa kamar agogon hannu. Na sa ƙaramar lasifika mai om 8 ta bayan tiransista, na kife ta a kan murfin roba, sai ga dum, dum, dum, dum. Na fara ɗaure amon da takun rundunar, amma idan saura biyu ko uku sai ya zama ɓuruntu. Na raba su: saurin amon yana bin yawan waɗanda suka rage, da iyakar da ba ya wucewa.

23 ga Maris

Faifan sama ya shigo. Yana giftawa kusan duk daƙiƙa 25, muddin mahara takwas ko fiye suna raye. Makinsa 50, 100, 150 ko 300, kuma na rubuta shi da random(), umarnin zaɓen lamba a kan sa'a, ba tare da wani tunani ba.

Ashe babu sa'a a ciki ko kaɗan. Jerin lambobi ne a shirin asali, manuni yana matsawa gaba ɗaya duk harbin da mai wasa ya yi, ko ya samu ko bai samu ba. Jerin gurbi 16 ne, amma manunin yana komawa farko bayan 15, gurbin ƙarshe ba a taɓa kai wa gare shi. Daga nan ne dabarar tsofaffin 'yan wasa ta fito: ka ƙirga harbinka, ka sami faifan da harbi na 23, daga nan kuma duk na 15, ka kwashi 300 kowane karo.

Hannuna ya yi ƙaiƙayin gyara 15 ɗin ya zama 16. Kuskure ne a fili, layi ɗaya ne. Sai na tuna faretin Janairu na janye hannu, kada in yi gyaran gangar Auzinawa. Na cire random(), na sa jerin, na bar shi yana komawa a 15.

Wuri ɗaya na saɓa wa asali da gangan. Tsohuwar na'ura tana manta maki mafi yawa da zarar an kashe ta. Nawa ina rubuta shi a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa idan an kashe wuta, sau ɗaya a ƙarshen wasa kuma sai idan an karya tarihin, tunda kowane gurbi rubutu kusan 100,000 aka yi masa alkawari. Kunnawar farko ta nuna mini shirme a gurbin makin, domin EEPROM da ba a taɓa rubutawa ba cike yake da 0xFF. Na sa alamar bayit ɗaya a gaba: idan babu ita, a fara daga sifiri.

6 ga Afrilu

Yaron ya dawo. Ban gaya masa na canza komai ba. Sahun farko ya yi shi yana hira, na biyu ya yi shiru. Da suka rage huɗu ya miƙe tsaye da maɓallan a hannu, wayoyin suka kusa tsinkewa. Na ƙarshen ya wuce shi sau uku, ya sauko, ya sauko, ya taka igwar. Ya ce, "Kawu, wannan na ƙarshen ai mugu ne! Me ka ba shi?" Na ce ban ba shi komai ba, shi ne ya kashe masa 'yan'uwa ya bar masa fili. Bai saurare ni ba, ya riga ya danna sabon wasa. Makinsa mafi yawa 2,340, nawa 1,870, kuma nasa ne yanzu a EEPROM.

Shi ya gano mini ɓaraka biyu. Idan mahara suka sauko kan ganuwa suna shafe ta a allo, amma bayit 176 ɗin ba su sani ba, sai harsashi ya fashe a fili babu komai. Sannan ƙarin igwa a maki 1,500 ba ya zuwa idan faifan sama ne ya tsallakar da makin, domin na rubuta "daidai da" a inda ya kamata in rubuta "ya kai ko ya wuce". Na biyun na gyara shi yana tsaye. Na farkon sai mako mai zuwa, tare da harsasan mahara, waɗanda har yanzu iri ɗaya ne a nawa alhali uku ne a asali, ɗaya daga ciki yana fitowa ne daga layin da ke saitin igwa. Filash ya rage fiye da rabi. Bayan haka sai in tashi daga allon gwaji in like komai da dalma, domin wayar ƙafa ta 13 ta fita sau biyu yau.